Marsandi LAF 1113: tsohuwar motar kashe gobara da aka ƙera domin hanyar da babu kwalta

Daga watan Nuwamba, in an gama girbi a ƙasar Gumel, kusan kowane gida a karkara cike yake da abin da wuta ke so. Gero da dawa na cikin rumbu, an tara kara, an ɗora harawa a kan bishiya ko a kan rumfa, ga dangar zana, ga iskar hunturu tana kaɗawa ba dare ba rana. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara. Idan hakan ta faru a wani ƙauye da ke bayan Ɗanzomo, ko a wata ruga tsakanin Gagarawa da Maigatari, tambayar farko ita ce ko motar kashe gobara za ta iya isowa, domin daga inda kwalta ta ƙare sai rairayi da hanyar amalanke.

Akwai wata tsohuwar mota da aka ƙera domin irin wannan hanya, kuma duk wanda ya tashi a Arewa ya san fuskarta. 'Yar'uwar Marsandi 911 ce, babbar motar nan mai gajeren hanci da ta shafe shekaru tana dakon shanu da buhuna daga kasuwanni irin ta Maigatari zuwa Kudu. Sunan wadda aka yi domin gobara LAF 1113. Babu allon taɓawa a cikinta, babu manhaja, amma tsarinta na da darasi ga duk mai son sanin yadda ake auna na'ura.

Abin da sunan ke nufi

Kamar yadda lambobin sunan waya ke nuna ajinta, haka sunan wannan mota. Haruffan ukun farkon kalmomin Jamusanci ne: L na nufin babbar motar kaya, A na nufin dukkan ƙafafunta na ja, F kuma na nufin an shirya ta domin 'yan kwana-kwana. Lambobin sun kasu biyu. 11 shi ne nauyin da aka yarda ta kai da kayanta, wato tan 11, sai 13 da ke nuna ƙarfin doki 130. Da wannan lissafi 911 ita ce mai tan 9 da ƙarfin doki 110.

Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wannan jerin motoci a 1959. A lokacin dokar Jamus ta Yamma ta taƙaita tsawon manyan motoci, sai injiniyoyi suka tura wani sashe na injin cikin ɗakin direba domin hancin ya gajarce, wurin kaya ya ƙaru. An ci gaba da ƙera su har 1995, kuma a ƙarshen zamaninsu ƙasashen waje ne manyan masu saye. A Najeriya, kamfanin ANAMMCO da ke Inugu, wanda aka buɗe a 1980, ya harhaɗa manyan motocin Marsandi, sannan motocin haya na Legas da ake kira molue da yawansu a kan 911 aka gina su. Wannan ne ya sa makanikan ƙasar nan suka san cikin wannan mota kamar yunwar cikinsu.

Marsandi kan ƙera inji da ƙashin motar ne kawai. Tanki da famfo da akwatunan kaya aikin wasu kamfanoni ne irin su Ziegler da Metz. Shi ya sa za a ga motoci biyu masu suna ɗaya amma bayansu ya bambanta.

Injin da babu ƙwaƙwalwar kwamfuta

Injin da aka fi saninta da shi shi ne OM 352, wanda ya fito a 1964. Mai shan gas ne, silinda shida a jere, girmansa lita 5.7. Na asali yana ba da ƙarfin doki 130, amma da yawa daga cikin na kashe gobara an sa musu tabo, wadda ke ƙara tura iska cikin inji, sai ƙarfin ya kai 168 duk da lambar da ke jikin ƙofa ba ta sauya ba.

A takarda wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai ƙananan motocin gida na yau da suka fi haka ƙarfin doki. Bambancin shi ne injin na ba da ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali, kuma abin da mota mai nauyi ke buƙata ke nan a cikin rairayi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake raba masa mai. Famfon injekta ne na ƙarfe zalla, haƙora da sifirin ke tafiyar da shi. Babu na'urar da ke auna hayaƙi, babu ƙwaƙwalwar da za ta ga kuskure ta rage wa mota gudu. Da zarar inji ya tashi, ba ya buƙatar lantarki kafin ya ci gaba da aiki. Sababbin manyan motocin Turai kuwa na zuwa da matatar hayaƙi da ruwan AdBlue, suna son gas mai tsabta sosai, kuma idan suka yi gardama sai an jona musu kwamfuta mai manhajar kamfani kafin a san ciwonsu. Wannan fasaha ta rage gurɓata iska ƙwarai, amma tana nufin waya ɗaya da ta tsinke na iya ajiye mota wata da watanni idan mai kwamfutar yana Kano ko Abuja.

Masu waya sun san irin wannan. Wayar da aka liƙe batirinta da gam, aka ɗaure sassanta da manhaja, in ta lalace a Sule Tankarkar sai an kai ta Farm Centre a Kano, wani lokacin can ma a ce sai an yi odar kaya. Ƙaramar waya mai madannai kuwa mai gyara na bakin tasha zai buɗe ta ya tashe ta. OM 352 irin ta biyun ce. Makanikin da ya saba da 911 zai iya kwance shi da sifana, kuma kayansa ba baƙi ba ne a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa.

Yadda take keta rairayi

Abu uku ne ke raba ta da 911 ta dakon kaya. Na farko, bayan giyarta biyar akwai wani ƙaramin akwatin giya da ke raba ƙarfin inji gida biyu, wani ya tafi ƙafafun baya, wani na gaba. Motar da baya kaɗai ke ja, tura ƙafafun gaba take yi cikin rairayi kamar garma. Idan na gaban ma suna ja, hawa kan rairayin suke yi.

Na biyu, wannan akwati na da matsayi biyu: giyar titi da giyar daji. A giyar daji gudu na raguwa, ƙarfin ja na ƙaruwa, sai direba ya riƙa tafiya sannu a hankali ba tare da ya ƙona kulochi ba.

Na uku shi ne makullin ƙafafun baya, wanda da yawa daga cikinsu ke da shi. A tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya akwai ƙunshin haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. A kan kwalta wannan alheri ne. A rairayi kuwa shi ke kafe mota, domin tayar da ta rasa abin kamawa ita za ta yi ta juyawa tana haƙa rami, ɗayar na tsaye. Idan direba ya sa makulli, tayoyin biyu za su juya tare dole. Sai dai wajibi ne ya cire shi da ya hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba ya ɓalla haƙoran.

Ƙashin motar dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa kamar tsani, kuma yana iya ɗan murɗewa idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami. Sifirin ɗinta na ganye ne, irin wanda masu walda da maƙera suka saba gyarawa.

Duk da haka tan 11 ba wasa ba ne. Yawancinsu sun fito da tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya, kuma wannan tsari ba ya son rairayi mai laushi: tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai sun buɗe nasu. Shi ya sa matafiyan da ke sayen irin waɗannan motoci domin keta Sahara sukan mayar da su taya ɗaiɗai masu faɗi. Dabara ta biyu ita ce rage iskar taya kafin a shiga rairayi, domin tayar ta baje ta kama ƙasa da yawa, a sake cika ta in an dawo titi. Direbobin da ke bin hanyar Agadas sun daɗe da sanin wannan.

A kan kwalta gudunta bai wuce wajen kilomita 90 a awa ba. Amma lissafin gobarar karkara ba a kan kwalta yake ƙarewa ba. Kilomita 30 na titi minti 20 ne a wannan gudu, alhali kilomita 10 na rairayi a gudun 20 rabin awa ne. Mota mai gudun 120 da ta kafe a kilomita na biyu ba ta kashe komai ba.

Lissafin ruwa

Samfurin da ya fi dacewa da karkara shi ne wanda Jamusawa ke kira TLF 16/25. Yana ɗaukar ma'aikata shida, da tankin ruwa na kusan lita 2,500, da famfo a baya mai iya tura lita 1,600 a minti ɗaya da matsin ba 8. Ba 8 na nufin ƙarfin da zai iya ɗaga ruwa sama kimanin mita 80, ninki uku ko fiye na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Famfon ba shi da injin kansa. Idan mota ta tsaya, direba kan karkatar da ƙarfin injinta daga giya zuwa famfo.

Lita 2,500 jarka 100 ke nan irin ta masu ruwa mai lita 25, kuma nauyinsu tan biyu da rabi. Domin kada ruwan ya riƙa tangaɗi ya kifar da mota a kwana, akan raba cikin tankin da faranti masu ɓula.

A nan ne lambobin talla ke iya ruɗar mutum, kamar yadda megafiksel ke ruɗar mai sayen waya. Idan aka buɗe famfon gaba ɗaya, lita 1,600 a minti, tankin zai ƙare cikin kusan minti ɗaya da rabi. Abin da ke ƙayyade tsawon aikin shi ne bakin mesar da aka ɗaura. Babban baki mai fitar da lita 400 a minti zai shanye tankin a minti shida da 'yan daƙiƙu. Ƙarami mai lita 200 zai kai minti 12 da rabi, mai lita 100 kuma minti 25. Ƙwararren ɗan kwana-kwana a ƙauye ba ya zubar da ruwansa kan rumbun da ya riga ya tafi. Yakan jiƙa danga da jinkar da wutar ke shirin kamawa, ya yanke mata hanya.

In tanki ya ƙare, motar na iya zuƙo ruwa daga tafki ko kududdufi da wata mesa mai tauri da rariya a bakinta. Sai dai a nan akwai iyakar da babu injin da ya isa ya tsallake. Famfo ba ya jawo ruwa da kansa. Iskar cikin mesa yake fitarwa, nauyin iskar sararin sama ya turo ruwan sama, kuma wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan kai ko da komai ya yi daidai. A aikace, iyakar tana wajen mita bakwai da rabi. Lita 1,600 ɗin da aka rubuta a zurfin mita uku aka auna ta, a mita bakwai da rabi kuwa rabin haka ake samu.

Wannan na da ma'ana babba ga ƙasar Gumel, inda rijiyoyi da dama suka zarce wannan zurfi nesa ba kusa ba. Motar ba za ta iya zira mesa a rijiyar gari ta sha ba. Kududdufai kuma suna ƙafewa ne daidai lokacin da gobara ta fi yawa. Abin da ya rage shi ne tankunan sama na rijiyoyin burtsatse masu sola, da tankokin dakon ruwa, da kurar masu ruwa. Garin da ya sa wa tankinsa na sama babban bututu mai bakin da zai karɓi mesar kwana-kwana ya yi rabin aikin tun kafin wuta ta tashi, domin ta ƙaramin famfon cika bokiti sai a daɗe ba a cika lita 2,500 ba.

Akwai wata 'yar'uwarta, LF 16-TS, wadda hukumar kare farar hula ta Jamus ta yi amfani da ita sosai. Ita ba ta da tanki sam. Tana ɗauke da mesa mai tsawon mita 600 da ƙaramin famfo na ɗauka a hannu mai tura lita 800 a minti. A ƙasa mai koguna irin Jamus, ko a fadamar Haɗeja, wannan dabara ce mai kyau. A Ɗanzomo cikin watan Maris kuwa ba ta da abin yi. Fuska ɗaya, inji ɗaya, amma wanda ya saye ta bai duba ba ya sayi motar yawo.

Ruwa kuma ba ya kashe kowace wuta. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau kansa ya bi shi yana ci. Domin haka irin waɗannan motoci na ɗaukar jarkokin sinadarin kumfa, wanda ake surkawa kimanin kashi uku cikin ɗari da ruwa, ya lulluɓe man ya hana shi iska. Mutanen Jigawa ba su manta da tankar man da ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024 ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu. A yankin da tankokin mai ke bin hanyar kan iyaka, kuma ake sayar da fetur a jarka a bakin titi, motar da babu kumfa a cikinta ba ta cika ba.

Sauran 'yan zamaninta

Wanda ya fi ta iya shiga daji shi ne Unimog 404, wanda Marsandi ta ƙera daga 1955 zuwa 1980. Asalin Unimog motar noma ce da aka ƙirƙira bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dabararsa ita ce ƙarfen da ke haɗa tayoyi yana sama da tsakiyar taya, wasu haƙora ke sauko da ƙarfin, sai cikinsa ya yi nisan kusan santimita 40 daga ƙasa. Inda LAF za ta dafa ciki, shi wucewa zai yi. Amma injinsa na fetur ne mai lita 2.2, kuma na kashe gobarar da aka gina a kansa lita 800 kawai tankinsa ke ɗauka, wato jarka 32.

Ingila ma ta yi tata, Bedford da ake wa laƙabi da Green Goddess, wadda aka ƙera tsakanin 1953 da 1956. Famfonta na tura wajen lita 4,000 a minti, domin an shirya ta ne ta riƙa miƙa ruwa daga nesa, mota zuwa mota. Sojojin Birtaniya sun yi aiki da ita lokacin yajin aikin 'yan kwana-kwana a 1977 da 2002. Sitiyarinta na dama, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, wanda ke buƙatar sitiyari a hagu irin na motocin Jamus.

A tsakanin ukun, LAF 1113 ce ta tsaya tsakiya: ruwanta ya ninka na Unimog sau uku, tana shan gas, kuma ita ce ke da dangi a garejin unguwa.

Aibinta

Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsufa na da kuɗinsa. Birkinta na ganga ne, babu na'urar hana taya kullewa, kuma tsayar da tan 11 da shi na buƙatar tazara mai yawa. Ɗakin direba na da ƙara da zafi, tunda rabin inji na ciki. Tana fitar da hayaƙin da dokokin Turai na yau ba su yarda da shi ba. Robobi da mesoshin da suka shekara 40 na iya fashewa ranar da aka fi buƙatarsu, ko da lambar tafiyar motar kaɗan ce, kamar yadda aka saba gani a motocin kwana-kwana da suka fi zama a rumfa. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, injin da ke tsaye wuri ɗaya yana juya famfo ba ya samun iskar tafiya, sai lagireto ya kasance a wanke tas.

Kayan inji na samuwa, amma na famfo ba sa cikin kayan 911, sai an tanade su daban. Sannan akwai matsalar da duk mai waya zai gane nan take: bakin caja. Mesoshin Jamus na amfani da mahaɗin da ake kira Storz, ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila kuma sukan yi amfani da wani daban. Kamar mai cajar USB-C ne a gidan da kowa ke da tsohon ƙaramin baki. Ba tare da mahaɗin da zai sada su ba, motoci biyu za su tsaya gefe da gefe, ɗaya ba ta iya ba ɗaya ruwa.

Abin da wayar hannu za ta ƙara

Tambayoyin da wannan mota ke koyarwa sun dace da kowace motar kashe gobara, tsohuwa ko sabuwa, da za a kawo wa ƙaramar hukuma: ƙafafu nawa ke ja, lita nawa take ɗauka, a ina za a sake cika ta cikin rani, akwai kumfa, kuma wa zai gyara ta a Gumel ba sai an jira wani daga nesa ba. Matashin da ya san waɗannan zai iya yin tambaya mai ma'ana ranar da aka zo bikin ƙaddamarwa, maimakon ɗaukar hoton fenti da jiniya.

Abu ɗaya da LAF 1113 ba ta da shi yana aljihun mai karatu. Direban da bai san hanya ba zai ɓata mintocin da giyar daji ta ceto masa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, amma yana da kyau a nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a ajiye tun yanzu. GPS na waya na aiki ko babu data, kuma Google Maps na nuna lambobin wurin da mutum yake, waɗanda za a iya turawa ta saƙon tes idan intanet ta yi rauni. In akwai data, tura wuri ta WhatsApp ya fi sauri. Mai kira ya faɗi abin da ke ci, kara ne ko fetur ko wayar lantarki, ya faɗi hanyar da ta fi tauri ko da ta fi nisa, da inda tankin ruwa mafi kusa yake. Sannan a tura mai babur ya tsaya a mararrabar da kwalta ta ƙare, ya jira motar ya shige mata gaba.